Irin Shuka da Aka Sauya wa Halitta: Haƙƙin Mallakar Kamfani da Zaɓin da Ya Rage wa Manomi

Iri ya bambanta da sauran hajar da kamfanoni ke sayarwa ta fuska guda, wato yana haifar kansa. Wanda ya sayi keken ɗinki zai yi ta aiki da shi har ya tsufa, amma keken ba zai taɓa haifa masa na biyu ba, don haka kamfanin da ya ƙera shi ba ya fargabar mai saye ya rikiɗe ya zama abokin gasarsa. Manomin da ya sayi buhun waken soya kuwa, idan damina ta yi albarka, zai tashi da buhuna masu yawa, kuma kowace ƙwaya a cikinsu tana ɗauke da siffar da kamfanin ya kashe maƙudan kuɗi kafin ya sanya ta a cikin ta farko. Daga wannan ɗabi'a ta iri ne rigimar haƙƙin mallaka ta samo asali, domin dokar da aka tsara don kare mai ƙirƙirar inji ce aka ɗauko aka ɗora a kan abu mai rai, wanda shuka shi da ninka shi duk aiki ɗaya ne.

Sau da yawa ana cakuɗa wannan magana da wata dabam, wato ko abincin da aka noma da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta yana da illa ga lafiya. Wannan tambaya ce ta masu binciken kimiyya, kuma amsarta ba ta warware ta mallaka. Iri zai iya kasancewa lafiyayye ƙalau amma sharuɗɗan sayensa su shaƙe manomi, kamar yadda iri zai iya zama na kowa da kowa amma ya kasa jure tsutsa. Abin da ke gabanmu a nan shi ne wa doka ta ba iko a kan ƙwayar da manomi ya girbe da guminsa, da kuma abin da wannan iko ya haifar a gona da kasuwa.

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙirƙiro a rubuce, hukuma kuma ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ko amfani da shi ba da izininsa ba, na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. Bayan wa'adin sai fasahar ta zama ta kowa. An daɗe ana ganin tsirrai ba su shiga wannan ciniki ba. Kamfanonin iri sun fara samun kariya ne ta hanyar halitta, ba ta doka ba, lokacin da masarar da aka yi wa aure ta bazu a Amurka daga shekarun 1930. Irin aure yana ba da amfani mai yawa a shekarar farko, amma idan aka sake shuka 'ya'yansa sai su rarrabu, amfanin ya ragu, don haka manomi da kansa yake komawa wurin dillali kowace shekara. Waken soya da alkama ba haka suke ba, domin suna barbarar kansu, kuma abin da aka girbe kusan daidai yake da abin da aka shuka. A irin waɗannan amfanin gona, doka ce kaɗai za ta iya mayar da manomi kanti.

Dokokin farko sun yi sassauci. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare sababbin nau'o'in tsirrai ta 1961, wadda ake kira UPOV, da dokar kare nau'o'in tsirrai ta Amurka ta 1970 sun ba mai samar da sabon iri ikon sayar da shi shi kaɗai, amma sun bar ƙofofi biyu a buɗe: manomi yana iya ajiye iri daga girbinsa ya sake shukawa, wani mai bincike kuma yana iya ɗaukar irin ya gina sabo a kansa. Abin ya sauya a 1980, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu, ta yanke cewa Ananda Chakrabarty, masanin da ya yi aiki da kamfanin General Electric, yana iya mallakar wata ƙwayar bakteriya da ya sauya wa halitta don ta riƙa narkar da ɗanyen mai. A 1985 ofishin rajistar ƙirƙira na ƙasar ya faɗaɗa wannan zuwa tsirrai, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a 2001. Takardar mallakar ƙirƙira ta gama-gari ba ta da waɗancan ƙofofi biyu. A daidai wannan tsakani, a 1996, aka fara sayar da waken soya na Roundup Ready na kamfanin Monsanto, wanda ke jure maganin ciyawa na gilaifoset, tare da audugar Bt da aka sanya wa ƙwayar gado (ɗan yankin halitta da ke ɗauke da siffa guda daga iyaye zuwa 'ya'ya) daga wata bakteriyar ƙasa don ganyenta da ƙwallonta su kashe tsutsar da ta ci su.

A aikace, manomi ba ya haɗuwa da takardar mallaka ido da ido. Abin da yake gani shi ne yarjejeniyar amfani da fasaha da zai sa wa hannu kafin dillali ya miƙa masa buhu. A cikinta ya amince zai shuka irin damina ɗaya kawai, ba zai ajiye ko mudu guda daga girbin don shuka ba, ba zai ba maƙwabci ba, ba zai ba mai bincike ba, kuma kamfani yana iya neman takardunsa ko ya duba gonarsa. Ma'ana, bai sayi irin ba a yadda aka saba fahimtar saye. Izinin amfani na lokaci ɗaya ya biya. Hatsin da ya girbe nasa ne idan zai kai shi kasuwa a matse mai ko a ciyar da dabbobi, amma daidai wannan hatsi ya zama haramun gare shi da zarar ya zuba shi a injin shuka.

Shari'o'i biyu ne suka fi fito da iyakar wannan iko, kuma yadda ake ba da labarinsu a bakin mutane ya sha bamban da abin da ke cikin hukuncin. Ta farko ita ce ta Percy Schmeiser, manomin kanola (tsiron da ake matse mai daga 'ya'yansa) a lardin Saskatchewan na Kanada. An fi sanin labarinsa a matsayin na mutumin da iska ta kwaso wa garin fure daga gonar maƙwabci, kamfani kuma ya maka shi kotu. Abin da kotuna suka samu ya ɗan fi haka tsawo. A 1997 ya lura cewa wasu tsirran kanola a bakin gonarsa ba su mutu ba bayan ya fesa maganin ciyawa. Sai ya fesa wa wani yanki na gonar, ya girbe waɗanda suka tsira, ya ajiye irinsu dabam, ya shuka shi a 1998 a fili mai faɗin fiye da eka 1,000. Gwajin da kotu ta karɓa ya nuna kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na amfanin na ɗauke da ƙwayar gadon Monsanto. A 2004 Kotun Ƙolin Kanada, da rinjayen biyar a kan huɗu, ta ce ya keta haƙƙin kamfanin, amma ba ta ɗora masa diyya ba, saboda bai fesa gilaifoset a kan amfanin 1998 ba, ke nan bai ci wata riba daga fasahar ba.

Duk da haka, masu sukar hukuncin suna da hujja mai nauyi. Shekara biyu kafin nan wannan kotu ta ƙi amincewa a mallaki wani ɓera da aka sauya wa halitta, bisa dalilin cewa manyan halittu ba sa shiga dokar ƙirƙira a Kanada. A shari'ar Schmeiser sai ta ce kamfani bai mallaki tsiron ba, ƙwayar gadon da ke cikinsa ya mallaka. Ga manomi wannan bambanci ba shi da amfani, tun da ba shi da hanyar raba ƙwayar gado da tsiron da ke ɗauke da ita. Sannan hukuncin ya bar wata tambaya: manomin da ya gaji al'adar zaɓen iri daga gonarsa, idan gyauro ko garin fure ya shigo masa ba da saninsa ba, nauyin tsabtace irinsa a wuyan wa yake? A Amurka wata ƙungiyar masu noma ba da sinadarai ba ta kai wannan tambaya kotu, kuma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ɗaure Monsanto da alkawarin da ya yi cewa ba zai kai ƙarar wanda aka samu ɗan gurɓi na ƙasa da kashi 1 cikin 100 a gonarsa ba. Wannan ya ba da ɗan kwanciyar hankali, amma alkawarin kamfani ɗaya ne, ba doka ba ce.

Shari'a ta biyu ta fi zuwa zuciyar maganar. Vernon Bowman, manomi a jihar Indiana, yana sayen irin kamfani don shukar farko kuma yana kiyaye sharuɗɗa. Don shuka ta biyu ta ƙarshen damina, wadda ba ta da tabbas, bai ga dalilin sayen iri mai tsada ba. Sai ya riƙa zuwa rumbun 'yan kasuwar hatsi ya sayi waken da ake sayarwa don abinci, da sanin cewa mafi yawan maƙwabtansa Roundup Ready suke nomawa. Ya shuka, ya fesa gilaifoset, abin da ya tsira ya ajiye don baɗi, kuma ya yi haka shekara takwas. Hujjarsa ita ce tsohuwar ƙa'idar da ta ce ikon mai ƙirƙira a kan abu yana ƙarewa da zarar an sayar da abin. A 2013 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka ƙi wannan hujja. Mai shari'a Elena Kagan, wadda ta rubuta hukuncin, ta bayyana cewa ƙa'idar ta ba shi damar ci ko sayar da waken da ya saya, amma shuka shi ƙera sababbin kofe ne na abin da aka mallaka. Aka tabbatar masa da diyyar da ta haura dala 84,000. A ma'aunin dokar ƙirƙira hukuncin ya tafi daidai, domin in ba haka ba mallakar za ta mutu bayan girbin farko. Amma sakamakonsa shi ne cewa aikin da manomi ya fi daɗewa yana yi, wato zuba ƙwaya a ƙasa, doka ta sake masa suna zuwa ƙera kaya.

Yawan ƙararrakin bai kai yadda ake zato ba. Monsanto da kansa ya ce ya kai ƙarar manoma kusan 145 a Amurka cikin kimanin shekara 15 daga 1997, kuma 11 ne kawai suka kai ga cikakkiyar shari'a. Masu suka suna amsa cewa wannan adadi bai ƙunshi waɗanda suka sasanta a ɓoye ba, kuma ba a buƙatar ƙara mai yawa kafin kowa ya shiga taitayinsa. Haka nan irin nan da ake cewa ba ya tsira idan aka sake shuka shi, wanda aka yi wa laƙabi da Terminator, an yi rajistarsa a 1998, amma ba a taɓa fitar da shi kasuwa ba. Monsanto ya yi alkawarin barinsa a 1999, kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare bambancin halittu ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun dakatar da shi a 2000. Mai ajiye irin kamfani ya sake shukawa zai ga ya tsira lafiya, doka ce ke hana shi.

Inda nauyin mallaka ya fi sauka a kan manomi shi ne farashi da ƙarancin zaɓi. Wani nazari na ma'aikatar aikin gona ta Amurka ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2020 farashin irin amfanin gonar da aka fi nomawa da fasahar sauya halitta, wato masara da waken soya da auduga, ya tashi da kashi 463 cikin 100, alhali farashin abin da manoma ke sayarwa ya tashi da kashi 56 kacal. Wani ɓangare na wannan ƙari kuɗin inganci ne na gaskiya, amma ya faru ne a lokacin da masu sayarwa ke raguwa. Tun daga shekarun 1990 kamfanonin da ke riƙe da ƙwayoyin gado suka shiga saye ƙananan kamfanonin iri, domin ƙwayar gado ba ta da amfani sai an sanya ta a cikin iri mai kyau da ya dace da ƙasa. Daga baya manyan suka haɗiye juna: Dow da DuPont suka haɗe a 2017 har aka fitar da Corteva daga cikinsu a 2019, ChemChina ya sayi Syngenta a 2017 a kan kusan dala biliyan 43, Bayer na Jamus kuma ya sayi Monsanto a 2018 a kan kusan dala biliyan 63. Yanzu Corteva da Syngenta da Bayer tare da kamfanin BASF suna riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya, kuma su ne dai ke sayar da magungunan feshin da aka tsara irin ya jure.

Kamfanonin suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Wani ƙiyasi da masana'antar ta sa aka yi a 2011 ya ce fitar da sabuwar siffa guda zuwa kasuwa yana cin kimanin dala miliyan 136 da shekara 13, kuma babban kaso na wannan yana tafiya ne wurin cika sharuɗɗan hukumomi. Babu mai zuba irin wannan kuɗi a abin da kowa zai kwafa kyauta bayan damina ɗaya. Suna kuma cewa ba a tilasta wa kowa ba, manoman Amurka da kansu suka zaɓa har fiye da kashi 90 cikin 100 na filayen masara da waken soya da auduga suka koma irin. Wani nazari na Wilhelm Klümper da Matin Qaim na 2014, wanda ya tattara bincike 147, ya samu cewa a matsakaici amfanin gona ya ƙaru da kashi 22, feshin magani ya ragu da kashi 37, ribar manomi kuma ta ƙaru da kashi 68, kuma ribar ta fi yawa a ƙasashe masu tasowa. Wanda ya ce manoma duk ruɗarsu aka yi ya raina musu hankali.

Sai dai zaɓin farko da zaɓin da ya rage bayan shekara 20 ba ɗaya ba ne. Idan kusan kowa ya koma iri guda, masu samar da iri sukan daina inganta na gargajiya, masu injin tsabtace irin da aka ajiye sukan rufe sana'a, kuma manomin da ke son komawa baya sai ya tarar hanyar ta cike. Ƙarewar wa'adin mallakar Roundup Ready na farko a 2015 ta nuna wannan a fili. Bisa cinikin da doka ta ƙulla, daga ranar fasahar ta zama ta kowa, kuma Jami'ar Arkansas ta fitar da nau'in da manomi ke iya ajiyewa. Amma tun 2009 kamfanin ya riga ya fara mayar da mafi kyawun irinsa zuwa sabuwar siffa mai sabuwar takarda. Ciyayi irin su wani nau'in alayyafon daji sun riga sun koyi jure gilaifoset saboda an shekara da shekaru ana fesa shi shi kaɗai, don haka tsohuwar siffar ta rage daraja, aka fito da waken da ke jure maganin dikamba. Dikamba kuma yana tashi da iska ya ƙone gonar maƙwabci, har wasu manoma suka sayi sabon irin don kawai su kare kansu daga feshin na kusa da su. Ga kuma izinin shigar da amfanin ƙasashen waje, wanda sai an ci gaba da sabunta shi da bayanan da ke hannun kamfani. A ganina nan ne babban aibin tsarin yake: al'umma ta cika nata ɓangaren cinikin na shekara 20, amma abin da aka miƙa mata a ƙarshe ya riga ya ci rabin amfaninsa.

A wajen Amurka labarin ya ɗauki salo dabam dabam, domin takardar mallaka ba ta tsallake iyakar ƙasar da ta bayar da ita. Yarjejeniyar haƙƙin mallakar ƙirƙira (TRIPS) ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta ba ƙasashe damar cire tsirrai da dabbobi daga abin da ake mallaka, da sharaɗin su samar da wata hanyar kare sababbin nau'o'in iri. Yadda kowace ƙasa ta yi amfani da wannan dama shi ya tsara rayuwar manomanta. A Ajantina an amince da waken Roundup Ready a 1996, amma Monsanto bai samu takardar mallaka a kansa a can ba, sai manoma suka yi ta ajiyewa da sayarwa a cikin farin buhu marar tambari, kuma fasahar ta bazu cikin sauri da araha. Kamfanin ya bi garin waken zuwa tasoshin jiragen ruwa na Turai yana ƙarar masu shigo da shi, amma a 2010 kotun Tarayyar Turai ta ce kariyar ba ta kai ga garin da aka niƙa ba, tun da ƙwayar gadon ba ta yin aikinta a cikinsa. A Brazil, inda irin ya fara shiga ta fasa-ƙwauri daga Ajantina, an ɓullo da wata dabara: idan mota ta kawo waken rumbun ɗan kasuwa sai a ɗebi kaɗan a gwada, in an samu ƙwayar gadon kuma manomi ba shi da shaidar biya, sai a cire kashi 2 cikin 100 na kuɗin kayan. Manoman jihar Rio Grande do Sul sun ƙalubalanci wannan tun 2009, amma a 2019 babbar kotun ƙasar ta goyi bayan kamfanin.

Indiya ce ta fi nuna cewa ƙasa tana iya karɓar fasaha ta kuma ƙi karɓar sharuɗɗan da suka zo da ita, tare da nuna tsadar yin haka. Dokarta ta 2001 ta ba manomi damar ajiye iri, sake shuka shi, musanya shi, har da sayar da shi muddin bai sa masa tambarin kamfani ba, dokar ƙirƙira kuma ta hana mallakar tsirrai da iri. An amince da audugar Bt a 2002, kuma cikin kusan shekara 10 ta mamaye fiye da kashi 90 cikin 100 na filayen auduga. Amma an sayar da ita ne a matsayin irin aure, don haka 'yancin ajiye iri da doka ta bayar bai tsinana wa mai auduga komai ba, dole ya sayi sabon ƙunshi mai nauyin giram 450 kowace shekara. Gwamnati sai ta shiga ta ɓangaren farashi. Jihar Andhra Pradesh ta ƙayyade kuɗin ƙunshi a rufi 750 (kuɗin Indiya) a 2006, gwamnatin tarayya kuma ta rage ladan fasahar da kamfani ke karɓa daga rufi 163 zuwa 49 a 2016, kafin ta soke shi gaba ɗaya a 2020. Martanin Monsanto shi ne janye buƙatar shigo da sabuwar audugarsa a 2016. A daidai lokacin jar tsutsar auduga ta riga ta koyi jure Bt, manoma suka koma feshi, wasu kuma suka koma sayen haramtaccen iri mai jure maganin ciyawa daga hannun 'yan bayan fage, wanda idan ya ƙi tsira babu wanda za a kama. Rage farashi ya taimaki aljihun manomi, amma da yake cibiyoyin bincike na gwamnati ba su da abin da za su maye gurbin da shi, sai aka bar shi da tsohuwar fasaha.

Akwai wata illa da manomi ba ya gani kai tsaye, wato abin da mallaka ke yi wa bincike. A 2009 masana ƙwarin masara 26 a Amurka suka rubuta wa hukumar kare muhalli cewa sharuɗɗan sayen iri suna hana su yin bincike mai zaman kansa, kamar gwada irin wannan kamfani da na wancan a gona ɗaya. Kamfanonin sun sassauta daga baya, amma abin lura shi ne manomin da ake cewa ya zaɓa da kansa yana buƙatar wanda zai auna masa kayan ba mai sayarwa ba. Shinkafar nan mai sinadarin bitamin A da Ingo Potrykus da Peter Beyer suka samar a ƙarshen shekarun 1990 ta nuna wani gefen: an ƙirga kusan takardun mallaka 70 na masu haƙƙi fiye da 30 da suka shafi hanyoyin da aka bi wurin samar da ita. An warware matsalar da lasisin jinƙai ga manoman da samunsu daga shinkafar bai wuce dala 10,000 a shekara ba. Gidauniyar AATF da ke Nairobi, wadda aka kafa a 2003, tana bin irin wannan hanya, tana karɓo ƙwayoyin gado daga kamfanoni ba tare da lada ba don cibiyoyin bincike na gwamnati su sanya a cikin irin ƙananan manoma. Wannan abin yabo ne, amma kyauta ce da mai ita ya ga damar bayarwa, kuma yawanci a kan amfanin gonar da ba ya sa ran samun babbar kasuwa a cikinsa.

Ga ɗimbin ƙananan manoman duniya, waɗanda har yau mafi yawan irinsu daga rumbunsu ko na maƙwabci ko kasuwar ƙauye yake fitowa, ba lauyan kamfani ne zai fara ƙwanƙwasa musu ƙofa ba, domin ƙarar mai hekta ɗaya ba ta biyan kuɗin shari'a. Matsin yana zuwa ne ta dokokin ƙasa. Sigar UPOV ta 1991 ta mayar da ajiye iri wani rangwame da ƙasa za ta iya bayarwa ko ta hana, ba ta kuma amince da musanya ko sayar da irin da aka kare tsakanin manoma ba, kuma yarjejeniyoyin ciniki da manyan ƙasashe sukan sa shiga wannan siga a matsayin sharaɗi. A ɗaya gefen akwai yarjejeniyar albarkatun tsirrai ta hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001, wadda sashenta na 9 ya ambaci haƙƙin manoma, da sanarwar haƙƙin manoman karkara ta 2018, amma ta farko ta bar aiwatarwa a hannun gwamnatoci, ta biyu kuma ba ta da ƙarfin tilastawa. Ba a kuma cika tunawa da cewa ƙwayar gado ɗaya ko biyu kamfani ke ƙarawa a kan tsiron da ke da dubban ƙwayoyin gado waɗanda manoma suka yi ƙarni bayan ƙarni suna tacewa ba, kuma wannan ɗan ƙari ne ke ba shi iko a kan buhun gaba ɗaya.

Tarayyar Turai ta nuna cewa akwai tsaka-tsaki. Dokarta ta 1998 ta amince da mallakar ƙirƙirar fasahar halittu, amma ta bar manomi ya sake shuka wasu amfanin gona daga girbinsa a gonarsa idan ya biya lada mai rangwame, ta kuma yafe wa ƙananan manoma biyan. Yanzu muhawarar ta koma kan sababbin dabarun gyara ƙwayar gado irin su CRISPR, waɗanda ke iya haifar da sauyin da ba a iya bambanta shi da wanda ke faruwa da kansa a gona. Idan aka mallaki irin wannan siffa, mai samar da iri ta hanyar gargajiya ko manomin da ya tarar da ita a cikin tsohon irinsa zai iya samun kansa yana neman hujjar cewa bai kwafa ba. Saboda wannan fargaba ne majalisar dokokin Tarayyar ta kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairun 2024 tana neman a hana mallakar tsirran da aka samar ta waɗannan dabaru, matakin da kamfanonin fasahar halittu suka yi adawa da shi, yayin da ƙungiyoyin manoma da ƙananan masu samar da iri da dama suka mara wa baya.